Gida Uku

Jaridar Yamai ba ta isa Maraɗi da safe.
Sai motar la'asar ta sauke ta a tasha
tana warin gazuwal da buhunan albasa,
ni kuwa ina bencin Kalla mai shayi,
bik a bayan kunne, ina jira.

Shafin farko ba ruwana da shi,
manya su yi ta yanke ƙyalle.
Can baya nake zuwa, ƙarƙashin sanarwar rasuwa,
inda aka zana ɗan gari mai gidaje fari da baƙi,
farin a shiga, baƙin katanga.

Shekara goma sha tara ni da Barmu
muna raba garin nan kamar gonar gado,
ni na kwance, shi na tsaye.
Shi gidan waya ya yi aiki, ya san sunan kowane kogi
da biranen da sai a kan ambulan ya gan su.
Ni malamin lakwal ne, nahawu na riƙe
da tsoffin kalmomin da Faransawa ma sun mance.
In na cije, harafinsa ya sauko daga sama
ya buɗe mini ƙofa,
ya kurɓi shayi ya ce, "Metir, ka ga ranar maƙwabci?"

Bara, daminar da Gulbi ya shafe gonakin fadama,
muka raka shi.
Yanzu shi ke kwance, ni ke tsaye,
garin duka ya dawo wuyana.

Ranar Talata aka ɗaure ni.
Lamba tara, na kwance, gida bakwai:
abin da ke cika ɗaki in baƙi sun watse.
Huɗun ƙarshe na samu tun kafin shayi ya huce,
ukun farko suka tsaya fayau
kamar giɓin ɗan aji ɗaya.
Kalma biyu na Faransanci sun shiga daidai wa daida,
wutsiyarsu iri ɗaya,
ɗaya na nufin shiru, ɗaya na nufin rashi.
Masu raba gardamar na tsaye ne:
wani kogi a ƙasar sanyi,
wata igiyar jirgin ruwa,
da wani tsibiri mai harafi uku.
Kayan Barmu ke nan.

Jikata Baraka ta leƙo ta kafaɗata.
"Kaka, in tambayi waya? Ko minti ba za a yi ba."
Na ce goron da wani ya tauna maka, ina daɗinsa?
Ta yi dariya ta tafi.
Kuran ya ɗauke bayan isha'i,
na kunna tocila, na yi ta juya su a baki,
shiru, rashi, shiru,
har sauro ya kore ni ɗaki.

Amsa tana jaridar gobe.
Goben ta same ni wurin suna a Madarunfa,
kafin in dawo biyar ɗin da ake kawowa sun ƙare.

Kwana shida, na biya wajen Illa mai tsire a Sabon Gari.
Ya yago takarda, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ya naɗe.
A gida na buɗe, sai ga ɗan garin nan a cike,
mai ya jiƙa shi har ana ganin bayansa.
Na bi lamba tara da yatsa.
Huɗun ƙarshe suna nan, nawa ne.
Daidai bakin na uku Illa ya yaga.

Na koma da sauri, takalmi a hannu.
Ya ce ɗaya rabin ya tafi da wani ɗan kabu-kabu
da ya sayi na ɗari biyu.

Na zauna na ci tsiren da sanyinsa.
Yajin Illa ya yi yawa kwanan nan,
shi ya sa idona.